Sojan Ruwa a Kan Tudu

Ruwan da mutumin Samaru ya sani shi ne Kubanni, wanda yaro ke tsallakewa da rani wando a naɗe, sai Galma can gabas da gari, sai dam ɗin jami'a. Daga nan zuwa bakin teku a Legas tafiya ce ta fiye da kilomita 800. Duk da haka, a cikin dattawan da suke zaune a Hayin Dogo da Falladan da Muciya da Cikaji suna jiran shigowar fansho a ƙarshen wata, ba a rasa waɗanda ƙuruciyarsu kaf a kan ruwan gishiri ta ƙare. In aka dubi irin garin, abin ba na mamaki ba ne. Tun 1924 Daffon horar da kuratan soja yake Zariya, a 1954 aka buɗe makarantar yara ta soja kusa da shi, ga barikin Basawa a bayan Samaru, ga Jaji a hanyar Kaduna inda hafsoshin ƙasa da na ruwa da na sama suke zama aji ɗaya. Garin da ya shekara 100 yana sa wa samari kaki dole ya tara tsofaffin da suka tuɓe shi. Abin tambaya shi ne, mutumin da ya yi shekara 35 ana ba shi oda, ba ya kwana inda ya ga dama, ba ya aski yadda ya so, me zai sa ranar da aka sallame shi ya koma neman wata ƙungiya mai hula da fareti da kuɗin wata-wata? Amsar da ta fi saurin zuwa bakin mutane ita ce fansho. A ganina fansho reshe ne. Abin da ɗan mazan jiya yake nema a wurin 'yan'uwansa shaida ce, wato mutanen da suka san abin da ya yi da inda ya yi shi, waɗanda ba sai ya rantse musu ba. Sauyin da ƙungiyoyin nan suka gani daga yaƙin Hitila zuwa yau, in an bi shi a tsanake, sauyi ne na wanda yake riƙe da wannan shaida da abin da ake yi da ita.

Mutanen ƙasar nan da jirgin ruwa ya haɗa kansu da yawa a yaƙin Hitila ba ma sojan ruwa ba ne. Sojan ƙasa ne, manoma da 'yan ci-rani da aka ɗiba daga ƙauyukan Zazzau da Katsina da Kano da Bauci da ƙasar Tibi. Layin dogon da ya iso Zariya a 1911, wanda shi ne ya haifi Sabon Gari, shi ya kwashe su zuwa Legas. A 1940 aka loda rukunin farko zuwa Mombasa, suka fafata da sojan Italiya, suka shiga Mogadishu a watan Fabrairun 1941, suka zarce ƙasar Habasha. A 1943 da 1944 kuma runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka haye zuwa Indiya, daga can sai dazukan Bama, inda 'yan Afirka ta Yamma kimanin 90,000 suka yi aiki, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya. A tuna fa, mafi yawansu ba su taɓa ganin ruwan da ya fi ƙarfin kwalekwale ba. Sun yi makonni a cunkushe a cikin jirgi, ga amai ga hajijiya, ga fargabar jiragen abokan gaba masu tafiya a ƙarƙashin ruwa, suka sauka a ƙasar da ake fuskantar yamma in za a yi salla, su da suka tashi alƙiblarsu gabas. Hausa ce harshen bariki a lokacin, ita ta haɗa Bazazzagi da ɗan Tibi da Babarbare a kwarin Kaladan da Arakan. Bataliya uku ta 'yan Nijeriya ta shiga rundunar Janar Orde Wingate da ake kira Chindit, aka sauke su da jiragen sama a bayan sansanonin Japanawa a 1944. Barikin da Daffo yake ciki a yau sunan wannan runduna gare shi, kamar yadda barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna da na Dodan a Legas suka ci sunayen wurare a Bama. Ɗan acaɓan da yake yini yana sauke fasinja a ƙofar Chindit da wuya ya san haka, kuma ba laifinsa ba ne.

Da suka dawo bayan yaƙi, ba su buƙaci wani ya tsaya ya gabatar da su ba. Garin ne da kansa shaidarsu. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a Janairun 1939, ta yi shekarun yaƙin tana kawo labarin fagen daga, Sa'adu Zungur kuma, wanda ya koyar a makarantar haɗa magunguna ta Zariya, ya yi musu waƙar Maraba da Soja. Mutane sun san wanda ya tafi, sun san wanda bai dawo ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka dawo sun tarar zaman ƙauye ya yi musu ƙunci, suka tare a Sabon Gari da Tudun Wada, daga baya har Samaru, lokacin da tashar binciken noma da kwaleji suka buɗe ƙofar aiki, jami'a kuma ta biyo a 1962. Suka zama direbobi da masinjoji da 'yan doka da masu gadi da makanikai a reluwe. Majalisarsu ta yamma a ƙofar gida ita ce taron ƙungiya, ba sakatare ba ma'aji. Gwamnatin Turawa ta kafa wata hukumar jin daɗin tsofaffin sojoji a 1946, amma girman da ɗan Bama yake da shi a unguwa ba daga ofis ya fito ba. Muƙaminsa ma shi ya zama sunansa, Kofur ko Saje ko Samanja, har jikoki su tashi ba su san sunan yanka ba.

Sojan ruwa na ƙasa sun zo a makare. Ranar 1 ga Yunin 1956 aka kafa rundunar daga ma'aikatan tsohuwar hukumar jiragen ruwa ta Turawa, kuma da farko mutanen bakin teku ne suka cika ta. Sannu a hankali 'yan Arewa suka shiga, hafsoshi ta makarantar NDA ta Kaduna da aka buɗe a 1964, ƙananan kuma ta makarantar horon da yanzu take Onne a jihar Ribas, har aka kai Murtala Nyako ya shugabanci rundunar daga 1990 zuwa 1992, Awwal Zubairu Gambo na Kano kuma daga 2021 zuwa 2023. Wasu jiragen da suka yi aiki a ciki sunayensu na gida ne, Aradu da Dorina da Damisa da Kyanwa da Kada. Zaman jirgi kuwa daban yake da zaman bariki. Sojan ƙasa in an tashi aiki yana iya fita gari ya sha iska, ya ga iyali, ya ɓace a kasuwa. A jirgi ba ƙofar fita. Aradu, wanda aka ƙera a Hamburg ta Jamus ya fara aiki a 1982, yana ɗaukar mutum wajen 200, kowa ya san minsharin kowa, ana karɓa-karɓar tsaro dare da rana. Mai kula da inji yana can ƙasa cikin zafi da ƙara ba ya ganin sama, na sama ba ya ganin inji, amma ran kowanne yana hannun ɗan'uwansa. In wuta ta tashi babu 'yan kwana-kwanan da za a kira, mai dafa abinci da mai harba igwa su ne 'yan kwana-kwanan. In jirgi ya nutse, da kyaftin da ƙaramin matuƙi ruwa ɗaya za su sha. Mutanen da suka sauke dakarun Benjamin Adekunle a Bonny a watan Yulin 1967, ko suka shiga tashar Monrovia da sojan ECOMOG a watan Agustan 1990 ana luguden wuta, irin sanin da suka yi wa juna ko 'yan ɗaki ɗaya ba kasafai suke yin sa ba.

To a ɗauki wannan mutum a dawo da shi Samaru yana ɗan shekara 55. Tsohon sojan ƙasa aƙalla yana da masu fahimtarsa: maƙwabcinsa ya taɓa zama kurtu a Daffo, ɗan maƙwabcin yana Maiduguri yanzu. Shi kuwa na ruwa in ya fara ba da labarin daren da iska ta taso a tsakiyar teku, sai a yi masa murmushin ladabi, wani yaro ya tambaye shi ko ya taɓa ganin 'yan ruwa. Labarinsa ya zama kamar fam da sule bayan shigowar naira a 1973, kuɗi ne na gaske, da guminsa ya same su, amma ba mai karɓa sai wanda ya taɓa kashe irinsu. Shi ya sa yake iya hawa mota zuwa Kaduna ko Kano don ya zauna awa biyu da mutum uku da suka yi jirgi ɗaya, a yi ta maimaita labarin da kowa ya haddace, ana yi wa juna gyara a kan shekara da sunan kyaftin. Iyalinsa kan ga ɓarnar kuɗin mota ce. Amma wannan gyaran da ake masa, a ce a'a, ba a Warri ba ne, a Kalaba ne, shi ne abin da ya je nema, domin maƙaryaci ba a yi masa irin wannan gyara, share shi ake yi. A Ingila, inda babbar ƙungiyar tsofaffin sojan ruwa ta kafu a 1950, jirage da yawa suna da ƙungiyar waɗanda suka yi aiki a cikinsu, suna taruwa shekara-shekara ko da an daɗe da yanka jirgin an sayar da ƙarfensa, kuma a wurin taro babba da ƙarami abokin jirgi ake kiran kowa. A nan kuwa tsohon sojan ruwa yakan shiga inuwar Nigerian Legion ne, wadda aka yi wa doka a 1964 aka sabunta a 1988, ta haɗa sojan ƙasa da na ruwa da na sama, tana da rassa a jihohi da ƙananan hukumomi. A cikinta su 'yan tsiraru ne, sai ya riƙe ta da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma ya riƙe 'yan kwas ɗinsu da 'yan jirginsu duk inda suke.

Yaƙin basasa ne ya juya al'amarin. Rundunar sojan ƙasa da take da mutum wajen 10,000 kafin 1967 ta kai kimanin 250,000 a 1970. Aka riƙa yaye kurata cikin 'yan makonni, wasu da shekarun aro, takardu kuwa sai yadda hali ya yi. Da aka zo rage soja a ƙarshen shekarun 1970 aka sallami dubbai, tsohon soja ya daina zama abin nuni a unguwa ya zama gama-gari, abin da ya yi yawa kuwa ba a tsayawa sauraronsa. Ga shi yaƙin na cikin gida ne, ba kowa ke son jin labarinsa ba, balle a Sabon Gari inda waɗanda aka yaƙa suka dawo suka sake buɗe shagunansu a layi ɗaya da waɗanda suka yaƙe su. Shaidar da gari yake riƙe da ita sai ta koma ofis: lambar aiki, takardar sallama, fayil a Legas, daga baya a Abuja. Aka mai da ranar tunawa da 'yan mazan jiya daga 11 ga Nuwamba zuwa 15 ga Janairu, ranar da yaƙin ya ƙare a 1970. Darajar naira ta zube bayan 1986, fanshon da ake riƙe gida da shi ya koma ba ya kai mutum tsakiyar wata, biyan ma sai an yi jira. A farkon shekarun 2000 an ga tsofaffin sojoji suna kwana a titunan Abuja suna jiran haƙƙinsu. Daga nan tantancewa ta zama babbar sana'ar tsufansu, dattijo ya tashi daga Basawa ya je Kaduna ya bi layi ya dangwala yatsa, don ya tabbatar wa gwamnatin da ya yi wa aiki cewa yana raye. A nan ne shaidar abokan aiki ta tashi daga abin hira ta zama abin ci da iyali. Wanda takardarsa ta ƙone ko gara ta cinye, wanda aka rubuta masa Garba a wannan takarda Abubakar a waccan, matar da mijinta ya rasu aka tarar sunan ƙanensa ya rubuta a matsayin magaji tun yana saurayi, dukansu inda suke fara zuwa shi ne wurin waɗanda suka yi aiki da mutumin. Su suka san bataliyarsa ko jirginsa, da shekarar da ya shiga, da ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Masu suka daga nan suke kamawa. Suna cewa ai magana ta fito, ƙungiyar layin fansho ce kawai da aka ɗinka wa hula, sai kuma sashen masu gadin da take bayarwa haya, waɗanda ake gani da kaki a ƙofar banki da makaranta da wurin biki. Akwai gaskiya a ciki, abin da ya fi ciwo ma ba su faɗe shi ba: manyan hafsoshi ba su cika zama a waɗannan tarurruka ba. Janar da admiral suna da nasu wuraren, tsofaffin ɗaliban makarantar soja ta Zariya, wadda ta yaye irin su Joseph Garba da Tunde Idiagbon da David Mark, suna da tasu ƙungiyar mai ƙarfi, reshen ƙaramar hukuma kuwa na kofur da saje ne. Amma raba neman haƙƙi da zumunci kuskure ne, don tun asali tare suke tafiya. Ranar 28 ga Fabrairun 1948 tsofaffin sojojin Gana suka yi jerin gwano a Accra za su kai wa gwamna kukan alkawuran da ba a cika musu ba, 'yan sanda suka harbe uku, Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey, tarzomar da ta biyo baya kuwa ta gaggauta 'yancin ƙasar. A Thiaroye ta Senegal, ranar 1 ga Disambar 1944, sojan Faransa suka buɗe wa dakarunsu baƙar fata da suka dawo daga yaƙi wuta saboda sun nemi kuɗinsu. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi wa Faransa yaƙi, wata dokar 1959 ta daskarar da fanshonsu, suka zauna suna karɓar abin da bai kama ƙafar na Bafaranshen da suka kwana rami ɗaya ba, ba a daidaita ba sai bayan kusan shekara 50. Mutum ɗaya in ya ce yana bin gwamnati bashi ana iya cewa tsufa ne ya ruɗe shi. Taron da ya tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja, kamar yadda aka gani a 2025, kowanne yana iya faɗin inda na kusa da shi ya yi aiki, ba a korar sa da wannan magana.

Wasu kuma ta wata fuska suke zuwa, kuma sun fi dabara. Suna cewa Bahaushe bai rasa zumunci ba balle ya aro na Turawa mai kati da rajista. Yana da dangi, yana da masallaci ko coci, yana da majalisa, ranar da ya cika maƙwabta ne za su yi masa sutura tun sakataren ƙungiya bai ji labari ba. Haka ne, kuma babu ƙungiyar da ta isa ta maye gurbin wannan. Sai dai duk waɗannan wurare sun san mutum ne da ɗan wane, mijin wance, mai gidan kusa da famfo. Shekarun da ya yi a waje giɓi ne a tsakiyar saninsu. Akwai kuma abubuwan da kunya da kara ba sa bari a faɗa a majalisa: cewa ya taɓa jin tsoro har ya ɓata wandonsa, cewa har yau tayar mota in ta fashe sai ya tsinci kansa a ƙasa, cewa akwai fuskar da take zuwar masa cikin barci. In ya faɗa a gida a ce iska ce, a nemo hayaƙi da rubutu, in ya yi shiru a ce soja dama ba su cika lafiya ba. Abokin aikinsa ba zai ce ko ɗaya ba, cewa zai yi ni ma haka. Sannan akwai abin da mutanen jihar Kaduna suka fi kowa sanin tsadarsa. Tun rikicin watan Maris na 1987 da ya taso daga Kafanchan ya iso Zariya, da na 1992 da na 2000 da na bayan zaɓen 2011, mutane suka riƙa ƙaura zuwa inda nasu suka fi yawa, wuraren da Musulmi da Kirista suke sa hannu kwano ɗaya suka yi ta raguwa. Taron 'yan mazan jiya yana cikin 'yan kaɗan da suka rage, a buɗe da addu'ar wannan a rufe da ta wancan, Bazazzagi da mutumin Zonkwa da Bayarabe suna zagin juna zagin wasa da Hausar bariki. Ba wa'azin zaman lafiya ne ya kawo haka ba. Wanda ya taɓa saɓo ka a kafaɗa kana zubar da jini, ba a zuwa daga baya a gaya maka ko shi wane ne.

Akwai magana mai nauyi fiye da waɗannan, wadda ba a kau da ita da iya baki. Mutanen da suke shaidar juna suna iya zama masu rufa wa juna asiri, kaki kuwa ba farin tarihi kaɗai gare shi ba. A 1966 an kashe Ibo a Sabon Gari da sauran garuruwan Arewa, a watan Mayu bayan zanga-zangar ƙin dokar haɗe ƙasa ta Janar Ironsi, sannan a Satumba da Oktoba, a wasu wuraren har da hannun sojoji. A Asaba, cikin Oktoban 1967, sojan tarayya suka harbe ɗaruruwan maza fararen hula. Soja sun mulki ƙasar nan kusan shekara 29 da bulala da tsallen kwaɗo. A Disambar 2015 arangamar soja da almajiran Sheikh Ibrahim Zakzaky, wadda ta faro a kan titin Sakkwato kusa da PZ, ta ci rayuka fiye da 340 bisa rahoton kwamitin shari'ar da gwamnatin jihar ta kafa. Wanda ya rasa ɗa a ɗaya daga cikin waɗannan ranaku yana da hujjar ya ce, shaidar da ba ta fita ɗaki wa ta amfana? Ita kanta ranar 15 ga Janairu da ake ajiye furanni a saki tattabaru, ita ce ranar da sojoji suka kashe Sardauna a 1966, mutumin da jami'ar Samaru ta ci sunansa, tare da manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad, kuma ba kasafai jawaban ranar suke tsayawa a kan wannan ba. Duk da haka rushe ƙungiya ko raina ta ba magani ba ne. Sojan da aka bari shi kaɗai da abin da ya gani ba gaskiya yake ƙarawa ba, shiru yake ƙarawa. Ɗan abin da duniya ta ji game da yaƙin Bama daga ɓangaren ƙananan sojoji, irin labarin Isaac Fadoyebo da ɗan jarida Barnaby Phillips ya bi diddigi, ko littafin Burma Boy na Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan wanda mahaifinsa ya je yaƙin, ya samu ne saboda wani ya zauna ya saurara tun ba a makara ba. Tsakanin majalisun dattawan nan da sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello kuɗin acaɓa ne, Gidan Arewa kuma, ma'ajiyar tarihin da take tsohon gidan Sardauna a Kaduna, 'yar tafiya ce a mota. An fi samun ɗalibin da zai kwana a kan takardun Turawa yana rubuta kundi game da sarakunan ƙarni na 19, fiye da wanda zai tsallaka titi ya zauna da dattijon da ya ga Bonny da Onitsha da idonsa. Laifin wannan ya fi komawa kan masu biro fiye da masu hula.

Lokacin kuwa lissafinsa a fili yake. Yaron da ya hau jirgi zuwa Bombay a 1943 yana ɗan shekara 18, in yana raye ya cika 100 a 2025. Wanda ya shiga Daffo a 1967 da waɗannan shekaru ya haura 75. Bayansu akwai sabon zubi yana tafe, kuma wannan karon ruwa ya matso Arewa: sojan ruwa suna da sansani a Baga a bakin Tafkin Chadi saboda yaƙin Boko Haram, suna da makarantar makamai a Kachia, da kwaleji a Dawakin Tofa ta Kano. Samarin da suka yi sintiri a ƙananan jiragen yaƙi tsakanin tsibiran tafkin za su ajiye aiki su zauna a Kwangila da Dogarawa da Hanwa kamar na gabansu, da nasu abubuwan da ba sa faɗuwa a gida. Su ƙungiyarsu a aljihu take. 'Yan jirgi ɗaya ko kwas ɗaya suna da zaure a WhatsApp, a nan ake sanar da shigowar fansho da rasuwa, a tara gudummawa ta banki cikin yini guda, tantancewar ma hukumar fanshon soja ta fara mai da ita ta intanet. Wannan ya raba sojan ruwan Samaru da babbar matsalarsa ta nisa, abokin jirginsa na Fatakwal yana iya musu da shi kowace safiya ba kuɗin mota. Sai dai zumunta a ƙafa take. Zauren waya yana tara mutum da irinsa ne kaɗai, ɗan kwas da ɗan kwas, hafsa da hafsa, alhali tsohon taron reshe, duk da ƙurarsa da rigimar kuɗin gadi, yana zaunar da sojan ruwa kusa da ɗan yaƙin basasa, kusa da matar marigayi da ta zo da takardu a leda. In tsohon matuƙi ya cika da asuba a Bomo, kafin azahar an kai shi makwanci. Ta'aziyya za ta yi ta shigowa daga Legas da Warri da Kalaba, amma wanda zai zauna da 'ya'yansa bayan sadakar uku ya jera musu takardar sallama da ta mutuwa da ta magaji, ya raka babban ɗan ofishin da ya dace, dole ya kasance mutumin da yake cikin gari. Masu wannan aiki a yau yawancinsu dattawan yaƙin basasa ne, matasan da suka tuɓe kaki kuwa ba su cika leƙa taron reshe ba sai ranar da aka ce ana rabon wani abu.